Fentin Jirgin Ruwa da Gam a Sanyin Hunturu

Daga nan Unguwar Sarki a Kaduna muke gaishe ku, na gida da na kan hanya. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda abincinsu ke bakin kogi: masunta, 'yan yashi, masu fito, da kafintoci da masu fentin da ke gyara musu jirage. Yau a kan aikinku za mu yi magana. Maganar guda ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu don ta zauna a kunne. A lokacin hunturu, bushewa daban, nuna daban. Fenti ko gam yana iya bushewa a ido da hannu, alhali cikinsa ɗanye ne. Jirgin da aka mayar ruwa da ɗanyen gyara kuwa, kuɗin gyaran ya tafi a banza, kuma rayukan da ke cikinsa an saka su a kasada. Za mu duba dalilin haka. Za mu saurari hujjojin masu cewa ba haka ba ne. Sannan mu tsara yadda yinin mai gyara ya kamata ya kasance.

Kashi na farko, me ya sa maganar ta shafe mu? Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa tsakiyar garin nan, ya bi ta Shiroro da Zungeru har ya faɗa kogin Neja. A Agusta da Satumba yana cika ya batse. Daga Nuwamba sai ruwa ya ja baya, duwatsu su fito, yashi ya bayyana. A nan ne mai jirgi ke samun sararin jawo jirginsa tudu, ya kife shi, ya duba inda yake yoyo. Kuma ya yi daidai. Babu lokacin gyara kamar rani. Babu ruwan sama, katako yana bushewa har ciki, kuma gam ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Don haka ba cewa nake a daina gyara da hunturu ba. Cewa nake a san sa'o'in da suka dace, a kuma san kwanakin da za a jira. Dalilin damuwar kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2021, jirgin da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya nutse da jama'a masu yawa. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Ba na cewa fenti ne ya jawo waɗannan musibu. Abin da aka fi ambata shi ne lodin wuce ƙima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da tsufan jirage. Amma wannan na ƙarshe, wato lafiyar jikin jirgin, shi ne ɓangaren da ke hannun mai gyara. Ga shi kuma hukumomi, ciki har da NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa wadda hedkwatarta ke Lokoja, suna ta kira a koma jiragen faiba. Jirgin faiba kuwa ba a yi masa faci da ƙusa da kwano. Da rezin ake yi. Ke nan aikin da muke magana a kai ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

Kashi na biyu, mene ne wannan gam ɗin? Sunansa efoksi. Kowa ya san ɗan ƙaraminsa, wato Araldite mai bututu biyu da ake liƙa hannun buta ko madubin babur da shi. Kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi kasuwa a 1946. Wanda ake sa wa jirgi danginsa ne, sai dai a galan yake zuwa. Gwangwani biyu ne. Ɗaya rezin, ɗaya abin da masu aiki ke kira hadina, wato mai sa shi ya yi ƙarfi. Kowane a gwangwaninsa zai daɗe yana ruwa. Da an haɗa su, sai ƙwayoyin wannan su fara sarƙewa da na wancan, har abin ya koma dunƙule guda mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. To, a lura da kyau. Babu wani ruwa da ke tashi daga cikinsa. Iska ba ta da abin da za ta ɗauke. Ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma abin da ke nunar da shi ɗumi ne. Duk wanda ya taɓa buga bulo ya san irin wannan. Bulon da aka buga jiya ya yi fari a sama, amma babu maginin kirki da zai ɗora masa gini yau, don ƙarfinsa a hankali yake zuwa daga ciki. Masu ilimin haɗa sinadarai suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa. Duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10, lokacin nuna yakan kusan ninkawa. Zan maimaita. Digiri 10 ƙasa, lokaci ninki biyu. In takardar gwangwani ta ce awa 8 a digiri 25, to a digiri 15 ka sa rai da kusan awa 16. In sanyin ya wuce iyakar da aka rubuta, aikin yana iya tsayawa a rabin hanya, ya bar ka da abu mai kama da gam wanda ba shi da ƙarfin gam.

Yanzu ga hujja ta farko da za a kawo mini, kuma hujja ce mai ma'ana. Wani zai ce, Malam, wane sanyi ake yi a Kaduna? Ai wannan matsalar Turai ce, inda ruwa ke zama ƙanƙara. Gaskiya ne, ilimin nan mafi yawansa daga ƙasashen sanyi ya fito. Wasu 'yan'uwa 'yan gidan Gougeon, da suka fara ƙera jirage da efoksi a garin Bay City na jihar Michigan a Amurka tun 1969, a wurin da ruwa ke daskarewa suke aiki. Mu ba mu kai su ba. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, a Disamba da Janairu zafin rana a Kaduna yakan haura digiri 30, amma daga tsakar dare zuwa asuba yakan sauko wajen 15, wani lokaci ƙasa da haka. A Kano da Zariya yakan fi haka sauka, a Jos kuwa ba a magana. Kuma wannan zafin iska ne. Jikin jirgin da ya kwana a fili a bakin ruwa, musamman na ƙarfe, yakan fi iskar sanyi, don duk ɗumin da ya tara da rana yana sakin sa cikin dare. Gam kuwa ba ruwansa da abin da aka faɗa a hasashen yanayi. Da zafin abin da aka shafa shi a kai yake aiki. Na biyu, hadina iri-iri ce. Akwai mai saurin kamawa, wadda aka yi don ƙasashen sanyi, tana aiki har wajen digiri 5. Akwai mai jinkiri, wadda ba ta son ƙasa da digiri 16. Akwai kuma mai jinkiri ƙwarai, wadda aka yi musamman don ƙasashe masu zafi, ita wannan sai an kai digiri 18 zuwa 21. To wacce ta dace da mai aiki a ƙasarmu a yawancin shekara? Mai jinkirin mana, don kada ta daskare masa a hannu a zafin Maris da Afrilu. Ka ga ke nan kayan da suka fi yi mana amfani a bazara su ne suka fi shan wahala a daren hunturu. Sanyinmu bai kai na Turai ba, amma ya isa ya hana irin kayanmu nuna.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi yawan ɓata aiki. Ku kawo wannan hoto a zuciya. Ƙarfe bakwai na safe ne a bakin kogi, hazo bai washe ba. Jirgi a kife, mai shi yana tsaye a kai, hannu cikin aljihu. Yaron kafinta ya buɗe gwangwani, ya tarar rezin ya yi kauri, da ƙyar yake zubowa. Ya juya, sandar juyi tana tsayawa a ciki. Sai mai jirgi ya ce, Maigida, a ƙara hadina mana, a ɗan zuba tina ya saki, ina so in shiga ruwa gobe. Kafinta ba ya son ɓata wa mai aiki rai, sai ya ƙara. A nan aka yi asara biyu a lokaci guda. Ku saurara da kyau, efoksi ba a ƙara masa hadina don ya yi sauri. Awonsa ƙayyadadde ne. Wani kashi ɗaya da ɗaya ne, wani biyu da ɗaya, wani biyar da ɗaya, duk a rubuce a jikin gwangwani. Kowace ƙwayar hadina tana da adadin rezin da za ta kama. Wadda aka ƙara ba ta da abokin kamawa, sai ta zauna a ciki a ɗanyarta, ta bar gam ɗin da laushi, ruwa kuma ya samu hanya. Tina ko fetur da aka zuba don ya saki, shi ma maƙalewa yake a ciki, daga baya ya fita ya bar ƙananan ƙofofi. Na san inda wannan al'ada ta samo asali, kuma ba wauta ba ce. Akwai ɗaya rezin ɗin, na faiba na gama-gari, mai warin nan da ke hawa kai, wanda ake ɗiga wa 'yan ɗigo na ruwan haɗi. Shi wannan ana sa masa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma in da sanyi ana iya ɗan ƙarawa, amma ba a wuce kashi 3. Wanda ya koyi aiki da shi sai ya ɗauka duk rezin haka yake. Ba haka ba ne. Kuma ko shi na faibar, in zafi ya gaza digiri 15 ba ya nuna yadda ya kamata. Wani bambancin da ya kamata a riƙe: efoksi yana kama jikin tsohuwar faiba da kyau in an goge ta da samfefa, amma rezin ɗin faiba ba ya kama kan efoksi sosai. Maganin kaurin rezin ɗumi ne kawai. A tsoma gwangwanayen a rufe cikin bokitin ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, na ɗan lokaci. Zai saki da kansa. Ko da ya yi tsaki-tsaki a ƙasan gwangwani saboda sanyi, bai lalace ba, ruwan zafi mai kamar digiri 50 yana narkar da shi ya dawo daidai.

Hujja ta uku, wani zai ce ai hunturu shi ne sarkin busarwa. Wanki ma kafin azahar ya bushe ƙayau. Haka ne, kuma a nan ne yaudarar take. Mu koma kan fentin mai, wanda aka fi shafa wa jirage da ƙofofi. Shi hawa biyu yake yi. Da farko tinar da ke cikinsa ta tashi. Wannan iskar hunturu tana gaggauta shi. Bayan nan man da ke ciki ya sha iska a hankali har ya yi tauri. Wannan kuwa ɗumi yake so, sanyi yana ja masa baya. Sakamakon shi ne sama ta yi fata, ƙasa tana nan ruwa-ruwa. In an lafta shi da kauri, kuma fenti mai sanyi kullum da kauri yake sauka daga buroshi, sai ka ga bayan kwana biyu ya yamutse. Ka danna da yatsa, fatar ta zame. An sake ɗora wani hawa a kai, an rufe ɗanyen ke nan. Shi ya sa na ce bushewa daban, nuna daban. Shafi biyu ko uku marasa kauri, kowane a ba shi lokacinsa, sun fi guda ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Sannan ga ƙura. Iskar nan daga arewa maso gabas take zuwa, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. Laushinta ya kai ta sauka a kan jirgin da aka share minti goma da suka wuce. Fentin da aka shafa a kan ƙura, ƙurar ya kama, ba jirgin ba. Shi ne za ka ga yana ɓamɓarewa falle-falle tun kafin damina ta yi nisa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa tsammani da hunturu, wato raɓa. A cikin gari iska a bushe take, leɓe ma tsagewa yake. Amma bakin kogi daban ne. Da asuba tururi yana tashi daga ruwa, ya sauka a kan duk abin da ya fi shi sanyi. Wani lokaci ba ka ganin ɗigon, sai ka shafa farin tsumma ka ji shi da danshi. Ƙa'idar masu fentin jiragen ruwa a duniya ita ce jikin abin da za a shafa ya ɗara matakin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. Ma'ana a sauƙaƙe, kada a shafa komai a jikin da ke da sanyi a taɓi, ko da ido bai ga ruwa ba. A kan ƙarfe wannan danshin yana fara tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti. A kan efoksin da bai gama nuna ba kuwa, danshi da iskar da ke kewaye suna haɗuwa da hadina su fitar da wani maiƙo a sama. Ka shafa hannu da safe ka ji santsi, wani lokaci da ɗan fari-fari. Duk abin da aka ɗora a kan wannan maiƙon ba zai kama ba. Kuma tina ba ta cire shi. Ruwa mai tsabta da soso ke cire shi, a goge, a bari ya bushe, sannan a bi da samfefa. Zan sake faɗa, don mutane sukan juya tsarin. Wanki tukuna, samfefa daga baya. In ka fara da samfefa, cusa maiƙon ka yi a cikin aikin.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan fentin jirgin ruwa da gam ɗin efoksi a sanyin hunturu. Mun iso kashi na uku, tsarin yinin mai gyara. Aikin yana farawa tun daren jiya. Gwangwanayen rezin da hadina da fenti su kwana a ɗaki, a kan katako, ba a dandaryar siminti ba. Da safe ba a buɗe su. Safiya ta kankara ce da gugar samfefa da cire ruɓaɓɓen katako da yanka ƙyallen faiba. A bar jirgi ya sha rana. A kafa tabarma ko tamfol ta ɓangaren da iska ke zuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa nesa kaɗan da jirgin don ƙura ta kwanta. Daga hantsi, wajen ƙarfe 11, a ɗora bayan hannu a jikin jirgin, har gefen da ke inuwa. In akwai ma'auni ya fi. Irin na'urar nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona a 2020, da yawansu suna da maɓallin auna jikin abu, kuma ƙungiya guda tana iya mallakar ɗaya. In jiki ya kai digiri 20 ko fiye kuma a bushe yake, a fara. A auna da kofuna, ba da ido ba. A dama kaɗan-kaɗan, a juya aƙalla minti biyu, ana kankaro gefe da ƙasan mazubi. A juye a faranti mai faɗi, don efoksi yana fitar da zafi yayin da yake nuna, in an bar shi da yawa a kofi mai zurfi da tsakar rana yana iya yin hayaƙi ya daskare a hannunka. Idan kuwa ɗanyen katako ne wanda ba a taɓa shafa masa komai ba, akwai wata dabara. Katakon da ke kan ɗaukar zafi yana fitar da iska daga ramukansa, iskar ta huda gam ɗin ta bar kumfa. Don haka shafin farko a jira sai katako ya gama ɗaukar zafinsa, wajen azahar, a yi masa inuwa, sannan a shafa. A lokacin, maimakon ya hura, tsotsa yake yi. Kafin la'asar a ajiye buroshi. Wannan shi ne abin da aka fi karyawa, don mutum yana ganin akwai sauran haske. Amma shafin ƙarfe biyar na yamma ba shi da ɗumin da zai fara nuna da shi kafin dare ya same shi. Kafin magariba a yi wa jirgin rumfar tamfol wadda ba ta taɓa jikinsa, ta tsare shi daga raɓa, ta riƙe masa ɗan ɗumin yini.

A nan dole in ja kunne a kan wuta. Wani zai ce tunda ɗumi ake so, bari in sa kaskon gawayi ko risho a ƙarƙashin tamfol. Kada a yi. Tururin tina da na rezin ɗin faiba wuta suke kamawa. Risho yana fitar da danshi da hayaƙin da ke ƙara maiƙon nan da muka ambata. Gawayi a rufaffen wuri kuwa yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutum yana barci, kuma yaron da aka bari gadin jirgi shi ne zai shige ƙarƙashin tamfol ɗin don neman ɗumi. Haka batun jiki. Ɗanyen efoksi in yana yawan taɓa fata, wata rana jiki yakan ƙi shi, hannu ya yi ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma in hakan ta faru da wuya ya rabu da mutum. Fatar hunturu da ta riga ta tsattsage ta fi saurin kamuwa. A sa safar hannu. Kada a wanke hannu da fetur ko tina, don suna tura shi cikin fata ne. Sabulu da ruwa. Ruwan haɗin faiba kuma, in ya faɗa ido yana iya makantarwa, a tsare ido, a ɗauke shi daga inda yara suke. Mai gugar samfefa ya rufe hanci, musamman in gam ɗin bai gama nuna ba. Ragowar haɗi da wankin buroshi kada a zuba su a kogi. Ruwan nan shi gari ke sha, kifinsa muke ci.

Saura hujja biyu, kuma su ne masu nauyi. Ta farko daga dattawa take. Za su ce, iyayenmu sun ƙera jirage da maɗaci, sun toshe da auduga da tsumma da kwalta, ba ma'auni ba takarda, kuma jiragen sun yi shekaru. Wannan gaskiya ce, kuma ina so matasa su ji ta. Kwalta da zafinta ake zuba ta, ba ta jiran rana. Bayan ta huce kuma tana da ɗan sassauci. Jirgin katako mai alluna yana motsi. Da hunturu allunan suna tsukewa, tsakaninsu ya buɗe. In ya koma ruwa su kumbura su matse. Kwalta da auduga suna bin wannan motsi. Efoksi mai tauri ba ya bi. Wanda ya cika tsagar busasshen jirgi da shi a Janairu, ranar da katako ya sha ruwa ya kumbura, ko gam ɗin ya tsage ko allon ya turo ƙusa. Don haka ba kowane gyara ne na efoksi ba. Wurinsa shi ne jikin faiba, da haɗa karyayyen katako, da rufe falwud ciki da waje, da share fagen fenti a kan ƙarfe. Dattawan sun san halin kayan aikinsu ciki da bai, shi ya sa aikinsu ya yi ƙarko. Abin da nake roƙo shi ne wanda ya ɗauki sabon kaya ya san halinsa kamar yadda suka san na kwalta. Rashin ma'auni bai cuce su ba don kayansu ba su buƙace shi. Namu suna buƙata.

Ta ƙarshe ita ce ta aljihu. Mai jirgi zai ce, Malam, kana maganar jira, ni kuwa duk ranar da jirgi ke tudu gidana ba a ɗora tukunya. Ba zan raina wannan ba. Yawancin fentin efoksi na jikin jirgi kwana 7 ne cikakken nunarsa a yanayi mai ɗumi, da sanyi kuma ya fi haka, kuma mako guda ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na yau. Amma a yi lissafin duka. Kayan nan da tsada ake sayen su. Gyaran da ya ɓamɓare sai an sake jawo jirgi tudu, an kankare na farko, an sayi sabon kaya, an sake biyan mai aiki. Kuma yawanci da damina yake bayyana, lokacin da katako ba zai bushe ba, kogi ya cika, aiki kuma ya fi yawa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Jiran da ake gudu a Janairu shi ne ake biya ninki a Agusta. Akwai kuma hanyar rage raɗaɗin. Sarkin ruwa da shugabannin ƙungiya suna iya tsara layi, kada kowa ya fitar da jirginsa a mako guda, wanda nasa ke tudu ya yi aiki da na ɗan'uwansa a raba abin da aka samu. Masu sayar da kaya a kasuwa su daina juye rezin a robar ruwa ba tare da sun rubuta wa mai saye awon haɗi da mafi ƙarancin zafin da yake so ba. Wannan layi biyu ne na rubutu. Kuma duk abin da na faɗa ya shafi maƙeran Panteka masu fentin tankunan ruwa da ƙofofin ƙarfe, da masu zuba efoksi a daɓen gidaje, don daɓen siminti ma da sanyinsa yake kwana.

To ta yaya za a gane aiki ya nuna? Ga gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Duk lokacin da aka dama gam, a shafa ɗan kaɗan a kan guntun katako, daidai kaurin da aka shafa wa jirgi, a ajiye shi a gefen jirgin ya kwana inda jirgin ya kwana. Kada a yi gwaji da ragowar cikin kofi, don ita ta samu ɗumin kanta, kullum tana riga ta jikin jirgi tauri. A kan guntun katakon nan a danna farcen babban yatsa da ƙarfi. In ya bar alama, da saura. In bai bari ba, a goga samfefa. Wanda ya nuna gari yake fitarwa, fari, busasshe. Wanda bai nuna ba cushe samfefar yake yi, yana murmushewa da danƙo. In an ga garin, an samu damar ci gaba da aiki a kai, amma shiga ruwa sai kwanakin da ke jikin gwangwani sun cika, a ƙara wasu a kai saboda sanyi.

Ina kira ga masu jirage, don Allah kada ku tsaya a kan kafinta da asuba kuna cewa a ƙara hadina. Ina kira ga kafintoci da masu fenti, in an matsa muku, ku miƙa wa mai jirgi guntun katakon gwaji da samfefa ya goga da hannunsa. Ku kuma iyayen gida da ke koya wa yara wannan sana'a, ku koya musu karanta jikin gwangwani kafin ku ba su buroshi. In samfefa ta cushe, jirgin nan ya ƙara kwana a tudu, ko wane ne mai shi. Allah ya tsare mu a ruwa da tudu. A huta lafiya.